Jariri mai ƙari da sakamakon NTRK: a fara larotrectinib ko a tsaya kan kemo da tiyata?

Sabuwar Likita ta rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman a warware mini abin da ya shige mini duhu game da magungunan sankara masu bin takamaimiyar ƙwayar gado. A ɗauka jariri ne ɗan wata 4, nauyinsa kilo 6, tsawonsa santimita 62. An haife shi da kumburi a ƙasan gwiwar hannu, aka zaci tarin jijiyoyin jini ne irin mai bajewa da kansa, sai ya ci gaba da girma cikin sauri. Hoton MRI ya nuna ƙarin ya naɗe jijiyoyi, kuma in za a cire shi duka, ko hannun ya tafi ko ya nakasa. An ɗebi tsoka, sakamako ya ce faibrosakoma ta jarirai ce, gwajin rini na TRK kuma ya kama.

Shin wannan rinin ya isa a fara larotrectinib? Yaya ake lissafin awon maganin ga jariri ƙarami haka? In ƙarin ya tafi kuma, yaushe ake dainawa, ko sha ne na har abada?

Mai Gwajin Tsoka ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Rinin shi kaɗai bai isa ba, ko da yake a wannan nau'in ƙari ya kusa isa.

Ƙwayoyin gadon uku ne, NTRK1, NTRK2 da NTRK3, kuma furotin ɗin da suke samarwa su ne TRKA, TRKB da TRKC. Aikinsu na asali a jijiyoyi da ƙwaƙwalwa yake. Cutar tana tasowa ne idan wutsiyar ɗaya daga cikinsu, wato sashen da ke ba ƙwayar halitta umarnin rarrabuwa, ta tsinke ta je ta manne da kan wata ƙwayar gado ta daban. Sai a sami furotin da ba ya jiran umarnin kowa, kamar makunnin wuta da ya maƙale a kunne. A faibrosakoma ta jarirai, haɗin da aka fi gani shi ne ETV6 da NTRK3, kuma yana nan a mafi yawan masu cutar. Shi ne dai ake samu a wani ƙarin ƙoda da ake haihuwar jarirai da shi.

Rini furotin yake nunawa, ba mannewar ba. Tsokar jijiya da ta bangon hanji da na hanyoyin jini suna ɗauke da TRK lafiyayye tun asali, don haka ƙarin da ya samo tushe daga irinsu yana iya kama rini alhali babu wata mannewa. A ƙarin ƙwaƙwalwa ma kusan ba a dogara da shi sam. Ta ɗaya ɓangaren kuma, mannewar NTRK3 ita ce wadda rini ya fi kuskurewa, sai ya fito fari ko dishi-dishi alhali tana nan. Ki duba rahoton ki ga inda rinin ya zauna: in a cibiyar ƙwayar halitta yake, wannan ya dace da ETV6 da NTRK3.

Tabbatarwa hanya biyu ce. Gwajin FISH na tsinkewar ETV6 yana da sauri, ba ya cin tsoka da yawa, kuma ga jaririn da kamannin ƙarinsa da shekarunsa da rininsa duk suka zo daidai, ya wadatar. Amma abin da yake faɗa kawai shi ne ETV6 ta tsinke. In ya fito babu komai, kada a rufe magana a nan, domin akwai EML4 da NTRK3, akwai TPM3 ko LMNA da NTRK1, kuma duk waɗannan maganin yana kama su. Sai a tafi karanta jerin RNA. Na ce RNA, ban ce DNA ba, saboda NTRK2 da NTRK3 suna da dogayen sassa a tsakiyarsu waɗanda gwajin DNA na yau da kullum ba ya iya bi duka, sai wurin tsinkewar ya faɗa inda ba a karanta ba. Wani amfanin RNA shi ne akwai ƙarurrukan jarirai da ba a iya bambanta su da wannan a ƙarƙashin madubin likita, amma mannewar tasu ta BRAF ce, ko RAF1, ko RET, ko MET. Larotrectinib ba ya yi musu komai.

A kula da lafazin rahoto kuma. In ya ce an sami sauyin harafi guda a NTRK, ko yawan kwafinta ya ƙaru, wannan ba mannewa ba ce, kuma ba dalilin ba da maganin ba ne.

Yawancin gwajin RNA da ke faɗuwa, tun a ɗakin tiyata aka kashe shi. Tsokar ta shiga fomalin mai kashi 10 cikin 100 kafin awa guda ta cika, ruwan ya ninka girmanta sau goma, ta zauna tsakanin awa 6 zuwa 72. In ta wuce haka RNA ɗin kakkaryewa yake yi. In akwai ƙashi a ciki, a tausasa shi da EDTA, kada a sa asid mai ƙarfi. A ɗebo daga gefen ƙarin inda tsoka take da rai, domin tsakiyarsa sau da yawa jini ne da mataccen nama, kuma kada a ƙarar da tsokar wajen rine-rine barkatai kafin a ware ta gwajin gado. Kafin a soka allura ma a duba ƙwayoyin daskarar da jini, don wannan ƙarin yana da zubar jini, wani lokaci kuma yana cinye abin daskarewar.

Likitar Sankarar Yara ta amsa:

Malam ya gama da gwaji, ni zan ɗauki zaɓin magani.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da larotrectinib a watan Nuwamba na 2018, Tarayyar Turai ta biyo baya a 2019. Amincewar ba ta dogara da gaɓar da ƙarin ya fito ba, ta dogara ne da mannewar NTRK, ga manya da yara baki ɗaya. A rahoton farko na mutum 55, ƙarin ya ragu sosai a kashi 75 cikin 100. A gwajin farko na yara, mai suna SCOUT, cikin yara 15 masu mannewar da aka iya aunawa, 14 sun amsa. Yaran da ba su da mannewar kuwa, ko ɗaya bai amsa ba, kuma wannan shi ne hujjar duk abin da Malam ya faɗa a sama.

Amma kada a yi wa kemo rashin adalci. Faibrosakoma ta jarirai ba ta cika bazuwa ba, kuma kusan tara cikin goma na jariran suna rayuwa tun kafin zuwan waɗannan magunguna. Haɗin vincristine da actinomycin D yana rage ƙarin a kusan kashi biyu bisa uku, ba ya taɓa haihuwa ko zuciya yadda magunguna masu zafi suke yi, yana da ƙarshe, kuma an san abin da yake bari a jiki bayan shekaru da yawa. Illarsa ita ce yana buƙatar bututu a babbar jijiya, yana iya kumbura hanta ya toshe ƙananan hanyoyin jininta, musamman a jarirai 'yan ƙasa da shekara, kuma aikinsa a hankali yake. To tunda rai ba shi ne ke cikin babban haɗari ba, abin da ake faɗa a kansa shi ne hannun.

Ga wannan jariri, da zarar an tabbatar da mannewar, ra'ayina a fara larotrectinib. Ƙungiyar binciken sankarar yara ta Amurka ta gwada shi a matsayin magani na farko a jariran da ba a taɓa yi wa kemo ba, kuma fiye da tara cikin goma sun amsa cikin zagaye shida. Kowane zagaye kwana 28 ne. Saukin yakan bayyana da wuri: cikin makonnin farko kumburin ya yi laushi, fatar da ta miƙe tana ƙyalli ta fara yamutsewa, jijiyoyin da suka fito raɗa-raɗa a kansa su kwanta. A riƙa auna kewayen hannun da tef a wuri guda da aka yi wa alama, a sake MRI bayan zagaye biyu.

Kafin kashi na farko a samu gwajin hanta, ƙidayar jini, nauyi, tsawo, kewayen kai, da bayanin inda yaron ya kai a girma, wato riƙe wuya, juyawa, bin abu da ido. Wannan na ƙarshen ana yawan tsallake shi, alhali maganin yana toshe furotin da ƙwaƙwalwa mai tasowa take aiki da shi, kuma sai an san mafari ake gane canji.

Akwai entrectinib ma. An amince da shi a 2019 ga 'yan shekara 12 zuwa sama, a watan Oktoba na 2023 aka sauko da shi har jariran da suka wuce wata guda. Sau ɗaya ake sha a rana, yana ratsa ƙwaƙwalwa sosai, kuma yana kama ROS1 da ALK. Sai dai karayar ƙashi ta sami kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da suka sha shi, galibi a cinya da ƙwauri, wani lokaci ba tare da faɗuwar kirki ba, kuma yana buƙatar a sa ido kan ƙarfin zuciya da bugunta. Ga ƙarin hannu a jariri, ban ga abin da zai sa in fifita shi ba.

Mai Harhaɗa Magani ya amsa:

Dakta, ga lissafin. Awon yara miligiram 100 ne ga kowane murabba'in mita na faɗin jiki, sau biyu a rana, kuma kashi ɗaya ba ya wuce miligiram 100. Faɗin jiki: a ninka tsawo da nauyi, a raba da 3600, a ɗauki tushen murabba'i. Santimita 62 sau kilo 6 ya ba da 372, a raba da 3600 a sami 0.103, tushensa 0.32. Kashinsa ke nan miligiram 32. Ruwan maganin yana da miligiram 20 a kowace mililita, don haka mililita 1.6 safe, 1.6 dare.

Inda ake tuntuɓe shi ne jariri ba ya tsayawa a kilo 6. Ranar da ya kai kilo 8 da santimita 69, faɗin jikinsa 0.39 ne, kashinsa ya koma miligiram 39, kusan mililita 2. In aka bar shi a kan 1.6, ya rasa kusan kashi ɗaya bisa biyar na maganinsa ba tare da kowa ya lura ba. A sake awo a farkon kowane zagaye. A takarda kuma a rubuta miligiram da mililita duka biyu, domin kuskuren da ya fi muni shi ne a karanta ɗaya a matsayin ɗaya.

Da sirinjin baki ake bayarwa, a gefen kunci, a hankali, yaron a ɗage. Ba a zuba shi a kwalbar madara, don in bai shanye ba ba a san nawa ya shiga ba. Da abinci ko babu, duk ɗaya. Kwalbar tana zama a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar da ita, kuma a rubuta ranar buɗewa a jikinta, domin kwanakin da take yi bayan buɗewa sun bambanta da girman kwalba, sai a bi takardar da ta zo da ita. In an manta kashi kuma saura ƙasa da awa 6 na gaba ya zo, a bar shi. In ya yi amai bayan sha, ba a maimaitawa, a jira lokaci na gaba.

Hanta ce take sarrafa shi ta hanyar CYP3A4, kuma nan ne magunguna suke karo. Itraconazole, voriconazole da clarithromycin suna toshe hanyar, maganin ya taru a jini; in dole ne a haɗa, a rage larotrectinib da rabi. Rifampicin, phenytoin, carbamazepine da phenobarbital akasin haka suke yi, suna kore shi daga jini. In ba makawa, ana ninka kashin. Yaron da ke shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ke nan sai an zauna a kansa tun kafin a fara. Lemon girefurut ma yana cikin masu toshewa, ga yaran da suka fara cin 'ya'yan itace.

Gwajin hanta kowane mako biyu a farko, daga baya kowane wata. A jarirai, raguwar fararen ƙwayoyin jini ta fi yawa fiye da a manya, sai ƙaruwar nauyi. In illa ta yi tsanani a dakata, in ta lafa cikin mako huɗu a dawo a mataki na ƙasa: 75, sannan 50, sannan 25 ga kowane murabba'in mita.

Likitan Tiyata ya amsa:

Ban ƙi ta Hajiya ba, amma a kira mai tiyata tun ranar farko, ba sai ƙarin ya ragu ba. Hoton MRI na farko shi ne taswirar inda cutar ta taɓa, kuma bayan wata shida na magani abin da ya saura yakan zama tabo mai tauri da ke manne da jijiya, iyakarsa ba ta fita sosai. Manufa a cire saura ba tare da an yanke jijiyar motsi ko babbar hanyar jini ba. A wannan cutar ba a sadaukar da aikin hannu don neman gefe mai faɗi. Sau da dama ma abin da aka ciro in an duba, babu ƙwayar sankara mai rai a ciki. Kuma ga ƙaramin ƙari da za a iya cirewa cikin sauƙi tun farko, tiyata kaɗai ta isa, babu dalilin ɗora wa jariri magani na watanni.

Sabuwar Likita ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura batun dainawa. Kuma in ƙarin ya dawo yana kan shan maganin fa?

Likitar Sankarar Yara ta amsa:

Ba na har abada ba ne, kuma a wurin jarirai ana son a daina ɗin. In an yi tiyata aka cire saura da gefe mai tsabta, ana tsayawa bayan tiyatar. In ƙarin ya ɓace a hoto ba tare da tiyata ba, ana ci gaba na wasu watanni bayan ɓacewar, jimilla kimanin shekara guda, sannan a tsaya a sa ido. Cikin yaran SCOUT da aka dakatar wa magani da gangan, kusan ɗaya bisa uku ƙarin ya sake tasowa, galibi a watannin farko, amma da aka mayar da su kan maganin yawancinsu sun sake amsawa. Don haka dawowa bayan dainawa ba ta nufin maganin ya daina aiki. A gaya wa iyaye wannan tun kafin a daina, kada ranar da kumburi ya dawo su ga kamar an yi sakaci.

Akwai wani abu da ake kira ciwon janyewa. TRKA tana cikin hanyar jin zafi, kuma idan aka ɗage toshewar kwatsam, wasu suna jin ciwon jiki da tsamin gaɓoɓi na 'yan kwanaki. Babba zai faɗa, jariri kuwa kuka ne da ƙin a taɓa shi. Yana iya faruwa ko da tsallake kashi biyu ne kawai, kuma yana lafawa da zarar an dawo da maganin. In aka ga haka, a sauke shi mataki-mataki.

Girma a kan magani wani abu ne daban. Kafin a ce ƙarin ya bijire, a bincika abu uku: an sabunta awo da nauyi, ana ba da shi sau biyun da gaske, kuma ba a ƙara wani magani mai kore shi ba. In duk lafiya lau ne, a sake ɗebo tsoka daga wurin da ke girma. Bijirewa iri biyu ce. Ko dai furotin ɗin ya sauya siffa a daidai inda maganin ke zama, kamar G623R a NTRK3 ko G595R a NTRK1, ko kuma ƙarin ya buɗe wata hanya ta daban, kamar BRAF V600E, KRAS ko yawaitar MET. A nau'i na farko, sauyawa daga larotrectinib zuwa entrectinib ba ya amfani, domin sauyin yana kore su duka biyu. Repotrectinib, wanda aka gina shi ƙarami don ya shige duk da sauyin, shi ne ke da amfani. An amince da shi a watan Yuni na 2024 ga 'yan shekara 12 zuwa sama, ƙananan yara kuma ta gwajin asibiti suke samunsa. A nau'i na biyu, babu mai toshe TRK da zai isa shi kaɗai. Ga wannan jaririn kuwa, kada a manta vincristine da actinomycin D suna nan ba a taɓa su ba.

Tunda Malam ya ambaci BRAF, bari in ja kunne a kanta, don nan ne sunan ƙwayar gado kaɗai ke yaudara. A ƙarin ƙwaƙwalwa mai saurin girma kaɗan na yara, in sauyin V600E ne, haɗin dabrafenib da trametinib ya rage ƙari a kashi 47 cikin 100, kemo kuma kashi 11, shi ya sa aka amince da shi a watan Maris na 2023 daga shekara 1. Amma in mannewar KIAA1549 da BRAF ce, irin su dabrafenib suna iya zaburar da ƙarin ya ƙara girma. Wannan tovorafenib yake so, mai sha sau ɗaya a mako, wanda aka amince da shi a watan Afrilu na 2024 daga wata 6 ga wanda cutarsa ta dawo, kuma shi ma yana rage saurin tsawon yaro, sai an riƙa aunawa. Haka crizotinib ga ƙarin tsoka mai kumburi da ke da mannewar ALK, yana buƙatar duba ido, selpercatinib kuma ga RET yana buƙatar sa ido kan ƙugu da wuraren da ƙashi ke tsawo.

Bayan an daina larotrectinib, a duba hannun da awon tef kowane wata, MRI kowane wata uku a shekarar farko, daga nan a tsawaita. A ci gaba da rubuta nauyi, tsawo, tafiya da magana har ya shiga makaranta, kuma in ya fara tafiya aka ga yana ɗingishi ko ya ƙi taka ƙafa, a ɗauki hoton ƙashi, domin larotrectinib ma an ga karaya da shi, ko da yake ba kamar entrectinib ba.